Tuwo a Ledar 'Yan Sama Jannati

'Yata ta fari tana shekara takwas ba ta taɓa haɗiye lomar tuwo ba. A Kuala Lumpur ta yi wayo, a wani gidan sama na Wangsa Maju, hawa na goma sha huɗu, inda muka zauna lokacin da ni da babanta muke karatu. Shinkafar mamak, wato shagon abincin Indiyawan da ke ƙasan gidanmu, ita ce abincinta. In na tuƙa tuwo sai ta leƙa tukunya ta ce, "Umma, tak nak lah," ma'ana ba ta so, ta yi gaba abinta.

Ban damu ba sai da aka ce mahaifiyata za ta zo daga Kano ta yi mana wata guda. Hajiya mace ce da take auna tarbiyya da cin tuwo. Ɗan da ya ƙi tuwonta, a wajenta uwarsa ce ta yar da shi. Na san ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi ta ɗauke kwanon, kuma wannan shirun nake tsoro. Saura sati uku ta sauka.

A daidai lokacin aka ba 'yan ajin 'yata aiki a makaranta kan abincin 'yan sama jannati. Yarinyar da ba ta iya zama minti biyar ta zama malama. Ina wanke-wanke tana bayana tana karatu. Wai na farko da suka tafi, niƙaƙƙen nama suke matsowa daga wani abu kamar na man goge baki. Daga baya aka riƙa yanka musu abinci ƙanana-ƙanana ana shafe shi da wani abu mai danƙo don kada ya yi ɓurɓushi, saboda a can ɓurɓushi ba ya faɗuwa ƙasa, yawo yake har ya shiga ido ko inji. Sannan aka koma busar da abinci a leda, sai a zuba ruwa ya dawo. Yanzu kuma har da cokali suke ci, muddin abincin yana manne wa cokalin. Gishiri ma na ruwa ake ba su.

Na tsaya da soso a hannu na ce, "Sake faɗa min, wane iri suke so?"

Ta ce, "Wanda ba ya crumbs, Umma. Wanda yake sticky." Wato marar ɓurɓushi, mai danƙo.

Ni dai ban san abin da ya kai tuwon shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa cika wannan sharaɗi ba. Washegari na sayo ledoji masu zif a kedai, shagon bakin titinmu. Na dama tuwo da miya har ya yi ruwa-ruwa, na ɗura, na manna farar takarda na rubuta lamba a jiki, na datse kusurwa ɗaya. Na ce wa 'yata samfurin abincin 'yan sama jannati ne daga ɗakin binciken jami'armu. Lissafi nake karantawa, amma ba ta tambaya ba.

Ta kwanta a kan kujera, ƙafafu a sama, ta tsotse ledar tas. Ta ce ɗanɗanonsa ba daɗi sosai, kuma hakan ya nuna na gaske ne.

Babanta ya ce, "Wannan ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

Na ce ni ma furen nake so, na sati uku.

Kullum sai na rage ruwan kaɗan. A sati na biyu ledar ta daina matsuwa, sai da cokali. Na ce ai tarihin nasu ma haka ya tafi. Niyyata ranar ƙarshe in cire ledar gaba ɗaya, amma jarrabawa ta sha kaina, Hajiya ta sauka muna nan a zamanin cokali.

Kwananta ɗaya ta karɓe kicin. Da azahar ta shimfiɗa tabarma ta ajiye malmala uku da miyar kuka, da man shanun da ta ƙullo tun daga gida. 'Yata ta dubi kwano, ta dube ni, ta ce, "Umma, ina ledar?"

Na ji kunya ta rufe ni har wuya. Hajiya ta ce, "Wace leda?"

Kafin in ƙirƙiro wata ƙaryar, yarinya ta fara karatu da guntuwar Hausarta, tun daga man goge baki har gishirin ruwa. Hajiya ta saurara har ƙarshe ba ta ko murmusa ba. Sai ta ce, "To su bayin Allahn nan, a can sama wa yake ba su a baki?"

"Ba kowa, Hajiya. Kowa da ledarsa."

"Allah sarki. Matso nan."

Ta gutsuri tuwo, ta mulmula, ta dangwali miya ta kai bakin jikarta. Yarinya ta buɗe baki ta karɓa. Ta tauna, abin da ba a yi wa tuwo, sannan ta haɗiye. Na ƙirga loma tara ina tsaye a bakin ƙofa.

Da yarinyar ta tashi wanke hannu, na durƙusa na fara ba da haƙuri kan ledar. Hajiya tana suɗe yatsa ta ce, "Ke har kika shekara bakwai ba kya cin tuwo miyar kuka. Sai da na zuba miki a faranti mai murfi na ce shi ake ba alhazai a jirgi."

Na ce, "Hajiya, ba shi ake ba su ba?"

Ta turo min kwanon ta ce, "Zauna ki ci, ya fara sanyi."