Hammadu Mai Tsaga Hancin Shanu

A gefen Adabka, idan ka ga tsohuwar saniya da wani tudu a karan hanci, hannun Hammadu ne. Makiyayi ne siriri, rowar magana kamar da kuɗi ake sayenta, amma bai taɓa rowar askarsa ba.

Aikin a wurin mahaifinsa ya gaje shi. In ciwon huhu ya kashe saniya, sai ya yanko ɗan mitsitsin huhun, ya tsaga hancin mai lafiya ya cusa. Wurin ya kumbura, ya warke, ciwon ya zo ya wuce ta.

Shekarar da ciwon ya shigo garkunan Bukkuyum, Saratu ta jawo masa karsanarta. Mijinta ya rasu, nonon da take jira daga wannan dabba shi ne cin 'ya'yanta. Hammadu ya tsaya yana juya aska, don a makon nan wani Makau, sarkin gaggawa, ya kwaikwayi aikin ya tsaga bijiminsa a wuya, kumburi ya shaƙe shi har lahira.

"Inna Saratu, wani sa'in ana dacewa, wani sa'in ba a yi."

"Kai Bahillace, tsaga mata! In ta mutu hannunka, ai ta hi mutuwa ina kallo."

Ya yi bisimilla ya tsaga. Kullum da safe sai ya tako ya shafa fuskar karsanar, ya taɓa ƙasan kunnenta inda kaluluwa ta taso, ya koma. Hancin ya yi suntum, sannan ya saɓe.

Yanzu ya tsufa, ya rataye askar. Malaman dabbobi na zuwa da allura mai tsabta, shi ke fara kora shanunsa gabansu. Jikarsa Mardiyya, mai karatun aikin lafiya, ta taɓa zaunar da shi ta ce a jiki akwai 'yan rahoto. Su ke tsintar ɓurɓushin cuta su kai kaluluwa, su nuna wa masu tsara yaƙi. Yadda suka kai labarin shi ke sa a shirya faɗa da tsutsa, ko da ƙwayar cuta, ko a ce kowa ya kwanta ba komai.

"To mi ya kashe bijimin Makau?"

"Baffa, wannan sai na tambayo. Ƙila wurin da ya tsaga ne ya sa ihun 'yan rahoton ya yi yawa."

"Ɗan rahoton nasa irin mai shi ne," in ji tsohon, har da dariya, abin da ba a saba gani ba.

Karsanar nan ta haifi maruƙa har Saratu ta aurar da 'ya'yanta da su. Duk ranar kasuwa tana aika masa ƙwaryar kindirmo. Ya ce ta bari, shi da ke da garke. Ta ce a gaya masa nonon ba nasa ba ne, na askar ne. Allah Ya saka masa.