Lawali da Akwatin Kifinsa

Duk wanda ya san Lawali ya san ba ya shan ruwa sai ya shinshina. Ko gidan suna ne, ko gaban manya, sai ya kai ƙwaryar hanci, ya lumshe ido, ya ce, “Wannan ruwa bai kwana ba.” Kai, mun sha kunya! Ni taubashiyarsa ce, ɗiyar kawunsa, don haka abin da ku 'ya'yansa ba ku iya faɗa, ni yau zan faɗe shi.

Shekarar farin nan da ta cinye mana shanu a Isawan, maigidana ya rasu, na kwaso yara uku muka nufo Tasawa. Lawali lokacin direban ma'aikatar noma ne. Muna shiga gidan na iske shi durƙushe gaban wani akwatin gilashi da ya haɗa da tagogin matacciyar mota. Ga ruwa, ga tsakuwa a ƙasa, shi kuma yana barbaɗa garin busasshen kifi a ciki.

Na leƙa, na ce, “Lawali, mi kake kiwo?”

“Kifi.”

“Ina kifin?”

“Ba su zo ba tukuna. Ruwan bai nuna ba.”

Wai akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi, kuma sai sun yaɗu cikin tsakuwar kafin a sa kifi, in ba haka ba kifin ya mutu cikin fitsarinsa. Na ce, “La ilaha illallahu! Mu mutane muna hammar yunwa, kai kana ciyar da aljanu?”

Ya ce cikin wasan taubasai, “Baƙo sai an shirya masa, baiwata. Ke da kika faɗo ba sanarwa, ba ga shi gidan ya rikice ba?” Yana faɗa yana kwashe kayansa daga ɗakinsa. Mu ya bar wa ɗakin, shi ya koma zaure.

Sai da aka fi wata ana ciyar da ruwa, sannan ya kawo 'yan karfasa cikin bokiti daga wani tabki wajen Maraɗi. Dokokinsa sun fi na gwamnati yawa. Ruwan pampo sai ya kwana a randa warin magani ya fita. Ba a canza ruwa duka, sai kaɗan-kaɗan. Da rana ta take, sai ya ɗauko pampon keke ya yi ta hura musu iska, gumi na zuba, wai kada su shaƙe.

Wata rana aiki ya kai shi Kananbakashe. Uwarku Tsahara, Allah ya ba ta lafiya, ta ga gilashi ya yi gansakuka, ta ce bari ta faranta masa. Ta zubar da ruwa, ta wanke tsakuwa da sabulu fes, ta cika da sabon ruwan pampo. Kafin la'asar duk kifin sun juya ciki sama. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna zugum, har mutane suka fara tsayawa.

“Lawali, ya haƙuri? Wa ya rasu?”

“Tsabta ce ta kashe su,” in ji shi. “Ni ba kifin ke ba ni tausayi ba, waɗanda ba a gani ɗin nan. Ko gawarsu ba a samu ba.”

Liman har ya ɗaga hannu zai yi fatiha!

Lawali ya sake daga farko, ya sake kawo wasu kifin. To, zamanin soja ne, ana layin ruwa tun asuba, sai wani ya kai tsegumi wai Lawali na shayar da kifi mutane na ƙishi. Ga soja ya shigo da bindiga. Lawali ko ya ɗaga masa hannu, ya ce, “Samari, a hankali. Suna tsoron takalmi.”

Wallahi yaron nan ya tuɓe takalma! Ya tambaya ina ake samun ruwan, Tsahara ta yi caraf ta ce, “Rabonsa na wanka ne, ranka ya daɗe. Matsa kusa da shi ka tabbatar.” Sojan bai matsa ba. Aka nuna masa tsohon ruwan da ake zuba wa zogalen da muke ci. Ya tsuguna gaban gilashi, bindiga a cinya, bai tashi ba sai da aka kira sallar azahar. Ɗan bakin kogi ne, ashe, kewar gida ke cinsa.

Amma da bazara ta tsananta, pampo ya ƙafe, autata Rabi ta kwanta da zawo, idanunta suka faɗa. Ba ruwan da za a ba ta, ba na wanke ta. Lawali ya tsaya ya dubi akwatinsa, ya dubi yarinyar. Ya kwashe ruwan duka, ya tace da gawayi da ƙyalle, ya tafasa shi sosai, ya sa gishiri da sukari yadda majo, malamin asibiti, ya ce. Kifin kuma ya miƙa wa Tsahara.

“A yi mata romo. Sun daɗe suna cin nawa, yau a ci nasu.”

Ya fita waje don kada ya ji ƙamshin. Ga Rabi nan zaune tare da ku, da jikokinta.

Allah ka ga bawanka Lawali, ya ba mu ɗaki ranar da ba mu da inuwa. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Amin.