Labulen 'Yan Kumfa

Shekara tara na yi ina mai tsaron gida na biyu a kulob ɗinmu, wato dai mai tsaron benci. Na san kowace ƙusa da ke jikin bencin nan, su ma sun san wandona. Wanda ya yi irin wannan zaman yana da lokacin kallon mutane, kuma wanda na fi kallo shi ne Baba Allura, mai kula da rigunan 'yan wasa.

Ɗakinsa yana ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, ɗan tsukuku mai taga ɗaya. A ciki akwai keken ɗinki na ƙafa, dutsen guga, baho biyu, igiyar shanya, da ƙusoshi goma sha takwas a bango, kowace da lambarta. In muka ci ƙwallo, tsallen mutane kan sa ƙasa ta zubo masa daga sama, da haka yake sanin labari. In shiru ya yi yawa sai ya ɗora ruwan zafi, don ya san za mu shigo fuska a murtuke, riguna duk taɓo. Shekara arba'in da ɗaya yana tare da kulob ɗin, bai taɓa kallon wasa guda daga farko har ƙarshe ba.

Tarihin kulob ɗin ba shi da tsawo, kuma ba wanda ya damu ya rubuta shi. Ma'aikatan wani kamfanin sabulu ne suka kafa shi a filin da ke bayan wurin sauke kaya. Lokacin Baba yana matashin tela, yana ɗinka wa ma'aikata rigar aiki a bakin ƙofar kamfanin. Da ma'aikatan jirgin ƙasa suka gayyace su wasan farko, sai aka duba aka ga ba mutum biyu masu riga iri ɗaya. Wani ya ɗaga kai a ɗakin cin abinci ya ga labulen tagogi, kore, mai kauri. Kafin manaja ya dawo daga tafiya tagogi sun koma tsirara, Baba kuma ya fitar da riga goma sha ɗaya. An lallasa su biyar da nema, aka kuma raɗa musu suna 'Yan Kumfa, wai da an taɓa su sai su fashe. Sunan ya manne, har muka koma mu ne ke kiran kanmu da shi.

Daga nan aka riƙa hawa a hankali, daga gasar gari zuwa ta yanki, har rukuni na biyu na ƙwararru. Kaka ɗaya tak muka taɓa leƙa babban rukuni, kuma na gani da idona daga kan benci. Wasa huɗu muka ci, aka rako mu gida cikin mutunci. Bayan shekara shida kamfanin ya rufe. Ma'aikata suka watse neman abinci, 'ya'yansu suka koma kallon ƙwallon ƙasashen waje a talabijin. Ƙasa ta rage zubo wa Baba, har ya daina rufe kofin shayinsa ranar wasa.

Akwai abu ɗaya da bai taɓa fasawa ba. Duk rigar da ta fito daga hannunsa, za ka sami wani ɗan ƙyalle kore a cikin wuyanta, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an ɗinke shi da zare ninki biyu. Yana da kaushi, in gumi ya jiƙa shi kuwa ƙaiƙayi yake kamar ƙaiƙayin buhu. Kowane sabon ɗan wasa sai ya kai ƙara.

"Baba, abin nan na wuyana yana cizona."

"Bar shi ya cije ka, ko ka farka ka bi ƙwallo."

Iyakarta ke nan. A yi dariya a wuce, ba wanda ya taɓa tambayar mene ne. Ni ma sai a shekarata ta bakwai na tambaya, ranar da ruwan sama ya sa aka ɗage wasa, na fake a ɗakinsa. Ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin keke ya buɗe. Guntayen yadi ne kore a ciki, sun koɗe.

"Labulen ne," in ji shi. "Da rigunan farko suka mutu, na warware su na ajiye. Kowace kaka ina yanka wa kowa nasa. Mutum goma sha ɗayan nan saura biyu a duniya, ɗayan ma ba ya gane kowa. In ban sa su a wuyanku ba, ta ina za su shiga fili?"

"To Baba, me ya hana ka faɗa mana?"

"Wa ya tambaye ni?"

Matarsa ta rasu tun kafin in zo kulob ɗin. Ɗansa ɗaya yana wani gari mai nisa, in ya bugo waya sai ya cika masa kunne da labarin wani babban kulob na ƙetare, Baba yana ta cewa madalla. A gida ɗaki ɗaya gare shi da rediyo. Shi ya sa ko ranar da babu atisaye za ka same shi a ƙarƙashin wurin zaman nan, yana goge rigar da ya riga ya goge jiya.

Da na daina wasa aka mai da ni mai horar da masu tsaron gida, wato aka matsar da ni taku biyu a kan bencin dai. Ina nan wani ɗan kasuwa ya sayi kulob ɗin. Bai ɓoye niyyarsa ba: in kaka ta ƙare zai kwashe mu zuwa garinsu, da sabon suna, da jar riga. Ya kawo sabon koci, mutum mai ilimi da son tsari, kuma ba mugu ba ne. Riguna suka fara zuwa a leda daga kamfani. Baba ya buɗe ledojin ɗaya bayan ɗaya ya yi abin da ya saba.

A wasa na uku wani sabon ɗan baya ya kai ƙarar ƙaiƙayi, amma wurin koci ya kai ta. Koci ya juya wuyan rigar, ya juya ta biyu, ya juya ta uku, fuskarsa ta canza. Ya tara mu, ya sa aka kira Baba, ya sa reza ya farke ƙyallayen duka goma sha takwas ya zube a kan tebur.

"Ni da atisaye nake aiki, ba da tsafi ba. Dattijo, mene ne wannan?"

"Labule ne, ranka ya daɗe."

Ɗakin ya fashe da dariya. Baba bai ƙara ko kalma ba, don shi bai iya dogon bayani ba. Ni na san komai. Na ce, "Koci, ba abin da kake zato ba ne." Ya juyo ya ce, "Har da kai a ciki?" Ina da iyali, kuma ana ta rubuta sunayen waɗanda za a tafi da su sabon gari. Na ja bakina na yi shiru. Har yau ina jin kunyar shirun nan. Aka share ƙyallayen aka zuba a shara, aka hana Baba taɓa rigar wasa, aka bar masa wankin safa da rigunan atisaye.

Ana saura kwana uku wasanmu na ƙarshe a tsohon filin, sai ga shi a ƙofar gidana da rana tsaka, gwangwanin a hammata. Bai taɓa zuwa gidana ba. Ya ƙi zama, ya buɗe murfin. Guntu ɗaya ne ya rage, bai fi babban yatsa ba.

"Gola, ina da buƙata. Wannan ne na ƙarshe, wasan ma na ƙarshe ne. So nake ya taka fili."

Na ce masa ya bar mini. Na fara da kyaftin, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, koci yana duba wuyan kowa kafin a fita." Mai tsaron gida na ɗaya, wanda ni na koya masa kama ƙwallo, ya riƙa sosa ƙeya har na tausaya masa na tafi. Sai na tuna akwai riga ɗaya da ba mai dubawa, ni kuwa na fi kowa sani. Na je wurin mai tsaron gida na biyu, magidanci mai sanyin hali. Ya yi murmushi ya ce, "Kawo, Kawu. Ni wa zai duba ni?"

Ranar wasa da safe Baba ya ɗinka guntun a wuyan rigar a ɗakina. Sai da na zura masa zare a allura, amma ɗinkin ya fita daidai, ninki biyu. Na yi masa alkawarin zan roƙi koci ya sa mai rigar ko da minti biyar ne. Da na roƙa, ba tare da na faɗi dalili ba, koci ya ce, "Mu gani."

Da babu rigar da zai jira, Baba ya hau sama ya zauna tare da 'yan kallo a karo na farko. Ba su kai ɗari ba. Ya zaɓi layin can baya shi kaɗai, gwangwanin a cinyarsa. Aka ci mu ɗaya, muka farke bayan hutun rabin lokaci. Saura minti biyar na matsa na raɗa wa koci. Ko kallona bai yi ba, nasara yake nema, ya yi canjinsa na ƙarshe da ɗan gaba. Alƙali ya busa tashi ana ɗaya da ɗaya. Mai tsaron gida na biyu ya miƙe daga benci, ya karkaɗe wandonsa, ya bi bayan layi zuwa ɗakin canza kaya. Rigar ta shiga jaka, jaka ta shiga mota.

Na hau matakalar a hankali ina neman ƙaryar da zan yi, ban samu ba. Kowa ya watse, saura shi.

"Baba, bai shiga ba."

"Na gani. Yau ai ba zubowar ƙasa nake jira ba." Ya bi filin da kallo. "Ashe haka yake da faɗi daga nan."

"Ka yafe mini. Na ranar nan, da na yau."

Ya juyo ya dube ni. "Gola, sau nawa ka shiga fili a shekara tara?"

"Sau uku."

"Sau nawa na ɗinka maka?"

"Kowace kaka."

"To. Ai ba na masu shiga ba ne kawai. Labulen ya zo wasan, ya zauna inda ka zauna. Ya isa."

Ban sani ba ko har zuciyarsa ya faɗa, ko don ya sauke mini nauyi ne. Ya ciro makullin ɗakinsa ya ba ni in miƙa a ofis, ya rufe gwangwanin da ba komai a ciki, ya sauka yana dafa bango. Na ce in raka shi, ya ce, "Motarku tana jiranka."

Na bi motar, kuma ina tare da kulob ɗin har yanzu, cikin jar riga. Filin ya koma wurin ajiye manyan motoci. Sau biyu na koma na gaishe shi, na same shi a ƙofar ɗakinsa da keke a gaba, yana ɗinka ɓarakar maƙwabta, maɓallai a cikin gwangwanin. Bai tambaye ni ko muna ci ko ana cin mu ba. A sabon kulob ɗin ba wanda ya san an taɓa kiranmu 'Yan Kumfa, kuma ba wanda ya tambaye ni. In na yi gumi a kan benci, hannuna kan tafi wuyan riga da kansa, in sosa wurin da babu komai.