Barau Mai Burodi da Kek Ɗin Gidan Alhaji Kabo

Barau ɗan Malam Bala ne, wani manomin barkono a Gafasa, kuma Lami, wadda daga baya ta zama matarsa, tana cikin 'yan matan da suka ga ranar da ya fara tsanar garinsu. A unguwarsu, in an gama girbi an zo kalankuwa, samari suna da wani wasa nasu. Sai su yanka akuya su yi farfesu, su antaya masa tsiduhu da dakakken barkono har romon ya yi jawur, su zauna a kewaye kowa da ludayinsa. Wanda ya fara neman ruwa shi 'yan mata za su sa a waƙa har wata kakar.

A shekarar da Barau ya shiga sahu, ko nisa ba a yi ba ya miƙe da gudu, hawaye da majina sun haɗe masa, ya tsoma kai cikin randar gidan mutane. Aka yi dariya, aka yi waƙa, kamar yadda ake yi wa kowa. Waɗanda abin ya faɗa wa kafin shi dariya suka taya mutane, aka wuce wurin. Shi kuwa sai ya ce wannan ba abincin 'yan Adam ba ne, kuma duk mutanen Gafasa gidadawa ne, har da ubansa mai noma abin. Ba a daɗe da ƙasa ta samu 'yancin kai ba ya tattara 'yan komatsansa ya tafi Kano.

Can ya samu shiga gidan burodin wani Balarabe a Sabon Gari. Aikinsa faskare ne da kwashe toka daga tanderu da wankin gwangwanayen gashi. Ya shekara da shekaru a haka. Amma in ya zo gida da Sallah, sanye da matsattsen wando da agogon da ba ya tafiya, sai ya ce shi ne hannun daman maigidan. A irin wannan zuwan ne ya nemi Lami. Ita ma a lokacin yarinya ce, agogon ya burge ta, ta ce tana so. Mahaifiyarta ta yi mata jere na gani na faɗa, har da wasu manyan kwanukan langa guda biyu masu zanen jan fure, waɗanda ita ma uwar da su aka kai ta ɗakin miji.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare, Barau ya baro Kano. Ya ce shi ya ajiye aiki don kansa, Lami kuwa ta ji a bakin wata maƙwabciya cewa fulawa ce aka kama shi yana fitarwa a aljihun riga. Gafasa ta yi masa ƙauye, don haka a Gaya ya sauka, ya gina tanderun ƙasa a bayan gidan haya kusa da tasha, ya kafa allo ya sa aka rubuta masa Gidan Burodin Zamani. Burodin nasa wata rana ya tashi, wata rana ya kwanta kamar tubali, amma masu shayi suna saye tunda babu wani. Shi dai abin da ya ƙware a kai shi ne tsayuwa a bakin ƙofa da farar hula doguwa, yana taɓe baki in mai tallan alkaki ko nakiya ta wuce.

"Dubi abin da mutane suke ci," in ji shi. "Dunƙulen tsaki da zuma, ƙuda na bi. Sai yaushe za a waye a ƙasar nan?"

Lami tana ji daga cikin gida, hannunta cikin kwaɓin da shi ba ya taɓawa. Ta riga ta gama auna shi tun tuni.

Ana nan sai Alhaji Kabo, wani ɗan kasuwar gyaɗa da ya koma kwangila, ya tashi aurar da 'yarsa Larai. Larai ta yi makarantar horon malamai, ita ta zaɓo mijinta da kanta, wani malamin gona mai suna Datti, kuma abokan ango sun shirya liyafa a filin firamare. Alhaji ya taɓa zuwa bikin wani babban ma'aikaci a Kano, ya ga an ajiye wani farin abu hawa-hawa a kan tebur, ango da amarya sun riƙe wuƙa, ana ta ɗaukar hoto. Tun ranar abin ya tsaya masa a rai. Gwaggwannin amarya sun kwana biyu suna suyar alkaki da dubulan na gara, bai ko leƙa ba. Shi kek yake so, irin wanda ba a taɓa gani ba daga Wudil har Ajingi.

Datti ya ba da shawara a yi oda daga Kano a ɗauko a mota. Labari ya kai kunnen Barau, ya saka hularsa ya tafi ƙofar gidan Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ashe za a tsallake ni a tafi Kano?" in ji Barau. "Waɗanda za a je wurinsu ai ni na koya musu. Kuma kafin mota ta wuce gadar Wudil ya farfashe a hanya. A ba ni aikin nan, in yi maka hawa uku."

"Wancan da na gani hawa biyu ne," in ji Alhaji, idonsa ya yi haske.

"Na ƙananan ma'aikata ke nan, ranka ya daɗe."

Nan take magana ta ƙare. Barau ya dawo gida da buhun sukari da kwandon ƙwai da gwangwanayen bota, yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Lami ta dube shi ta ce, "Malam, ka taɓa yin abin nan kuwa?"

"Na ga ana yi ya fi a ƙirga."

"Ta taga?"

Ya wuce bakin tanderu ya hura wuta. Gwajin farko ya ƙone ta waje, cikinsa kuwa kunu. Na biyu ya tashi ya yi tozo, suna fito da shi ya lotsa. Na uku ko awakin maƙwabta sun sunsuna sun bar shi. Biki ya matso, ƙwai ya kusa ƙarewa, abin da ya samu kawai shi ne wani ɗan kewayayyen burodi mai zaƙi wanda bai fi faifai faɗi ba. Lami ta ce ya je ya faɗa wa Alhaji gaskiya tun da sauran lokacin aikawa Kano. Ya dube ta kamar ta zagi iyayensa.

Ana gobe liyafa da hantsi ya rufe ƙofar gida, ya shiga ɗakinta ya sauko da kwanukan langar nan biyu daga kan jere. Ya kife babbar, ya kife ƙaramar a kanta, ya ɗora ɗan burodin a sama. Sannan ya kaɗa farin ƙwai da niƙaƙƙen sukari, abu ɗaya da ya iya da gaske don ya sha wanke kwanonsa a Sabon Gari, ya shiga yaɓe su kamar mai shafe ɗaki.

"Kayan uwata ne fa," in ji Lami.

"Aro ne. Riƙe min nan, kar ya zame."

Ta riƙe. Wannan riƙon shi ne abin da ta daɗe ba ta yafe wa kanta ba, amma a lokacin tunaninta bai wuce kada a ɗaure uban 'ya'yanta ba.

Ranar liyafa da la'asar aka kawo kek a bayan akori-kura, Barau na zaune kusa da shi yana kore ƙuda da mafici, yana daka wa yara tsawa. Fari fat, hawa uku, an zagaye shi da jajayen alawa. Filin firamare ya cika, har daga Kademi mutane sun zo kallo. Lami tana can cikin mata 'yan rakiyar amarya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Alhaji Kabo sai zagaya teburin yake yi da babbar riga, yana gaya wa baƙi cewa ko a Kano sai gidan wane da wane.

Da aka zo yanka, Datti ya ɗauki wuƙa, Larai ta ɗora hannu a kan nasa, ya nufi hawan ƙasa, mafi girma, don ya ishi jama'a. Lami ta ga gumi ya keto wa mijinta ta ƙarƙashin doguwar hular. Ya yi wuf ya tare.

"Haba ango! Ai ba a taɓa na ƙasa. Manyan mutane na sama kawai suke yankawa. Sauran ajiyewa ake yi a gidan uban amarya, sai ranar sunan ɗan fari."

Datti ya tsayar da wuƙar, don shi bai taɓa jin haka ba. Amma Alhaji ya riga ya cafe. "Haka ne, haka ne," in ji shi da ƙarfi. "Haka na ga an yi a Kano." Bai ga hakan ba, amma wa zai ce masa a'a a bikin 'yarsa?

Aka yanka na sama da ƙyar, aka rarraba wa manyan baƙi ɗan mitsi-mitsi. Suka yi ta tauna suna gyaɗa kai, kowa na tsoron a ce bai waye ba. Wata tsohuwa kusa da Lami ta juya ta tofar a gefen zane, ta ce a miƙo mata ruwa. Mai hoto ya ɗauki Barau tsaye kusa da Alhaji, ƙirji a gaba.

Sauran hawa biyun aka kai falon Alhaji, aka saka a kabad mai gilashi, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Ba a yi wata guda ba kiyashi suka gano hanya. Suka yi ta ɗiba ta baya, har wata safiya Alhaji ya buɗe don ya nuna wa wani abokin kwangilarsa, ya hango jan fure yana leƙowa ta ƙarƙashin sukarin. Ya rufe da sauri ya ja baƙon waje. Bayan azahar ya aika a kira Barau.

Lami ta zaci ranar za a kwana a gidan yari. Sai ga mijinta ya dawo yana murmushi, har da goro a baki.

"Me ya ce?" ta tambaya.

"Me zai ce? Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ji ƙarar kwano, ya dube ni na dube shi. Ya ce wa ya sani bayan ni? Na ce babu. Ya ce to ya zauna a haka." Barau ya yi dariya. "In ya tona ni, ai kansa ya tona. Shi da ya rantse ya ga ana yi a Kano."

"To kayana fa?"

"Ya sa an jefa a tsohuwar rijiyar bayan gidansa, kar wata ta gane zanen. Ke ma dai, kwano ne fa. In na samu sarari na saya miki na roba, su ake yayi."

Bai saya ba, ita ma ba ta sake tambaya ba. Alhaji ya baza cewa iyalinsa sun kasa haƙuri sun cinye kek ɗin, kuma daɗinsa ba a magana. Sunan Barau ya ƙara tashi. Ya rataye hoton nan a bakin tanderu. Masu kuɗin yankin biyu ko uku sun zo neman irin na gidan Alhaji, ya ce musu kayan haɗin sun yanke daga Ingila. Bai sake yin ko ɗaya ba, kuma har ya tsufa ana kiransa Barau Mai Kek.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in, motocin burodi suka fara zuwa daga Kano kowace safiya, masu shayi suka juya masa baya ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan hali aka aiko daga Gafasa cewa Malam Bala yana kwance, yana ta kiran sunansa. Barau ya ce ba zai bar tanderu a irin wannan lokaci ba. Ya zaɓo burodi biyu kwanan jiya, waɗanda aka dawo masa da su, ya ce a kai wa tsoho ya jiƙa a shayi. Lami ta karɓa ta ajiye a kan dakali, ta goya ƙaramin ɗanta, ta kama hannun sauran, ta hau motar Ajingi mai bi ta Gafasa. Ita ta yi jinyar surukinta tare da 'yan'uwan mijinta har Allah Ya karɓi abinsa.

Barau bai samu jana'iza ba. Sai ranar sadakar uku ya iso, da kujerar ƙarfe mai naɗewa a ɗaure a bayan keke, don kada ya zauna a tabarma wandonsa ya yi datti. Ya kafa ta a ƙofar gida, sama da kawunnansa da limamin unguwa, yana karɓar gaisuwa da 'yan yatsu. Da yamma ya aika ciki a ce wa Lami ta fito su tafi, kwaɓin gobe na jira.

Ta fito bakin zaure, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo.

"Ka yi gaba, Malam," ta ce. "Ni akwai sauran wanke-wanke."

Ya naɗe kujerarsa ya hau keke. Ita kuwa ta koma gidan yayanta da 'ya'yanta, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba ta ƙara taka Gaya ba. Ya aiko sau ɗaya, ta ce a gaya masa ba ta gama ba. Bai sake aikowa ba, don zuwa biko ƙauye ya fi ƙarfin girmansa. Tanderun ya mutu a daminar da ta biyo baya. Barau ya koma sayar da burodin motocin Kano a kan tebur a tasha, yana gaya wa matafiya cewa masu gidan da ake yin sa yaransa ne.