Uwar Ɗakin da Ta Ce Kada In Yarda da Ita

A duk shekarun da na yi ina aikin ungozoma, akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba: ranar da na je neman shawara wurin shugabata, ta dube ni ta ce kada in yarda da maganarta. Ku da kuke fara aiki yanzu kuna yawan tambayata wurin wa ya kamata mutum ya kai zancen makomarsa. To, ga yadda tawa ta kasance.

Lokacin mulkin soja ne, cikin shekarun tsuke bakin aljihu. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Makarfi. A wancan zamanin Ikara ce hedikwatarmu, mu da mutanen Kudan duk can muke kai takardunmu, kuma babu zaɓaɓɓen shugaban ƙaramar hukuma, sai kantoma da gwamnan soja ya naɗa. A tsarin aiki, akwai ungozoma mai takardar makaranta irina, sama da ita sista mai kula da ɗaki, sannan babbar sista mai riƙe da asibitin gaba ɗaya. Mu kujerar tsakiyar ba kowa a kanta, domin mai ita ta bar aiki, gwamnati kuma ta hana ɗaukar sababbin ma'aikata. Wanda ya tafi ya tafi ke nan, ba a kawo wani. Ɗakin haihuwa ya rage mu biyu, ni da wata abokiyar aikina Saratu, in ta sauka in hau, in na sauka ta hau.

Albashi sai ranar da ya ga dama. Safar hannu mukan wanke mu shanya mu sake sawa. Mai naƙuda kuwa sai mijinta ya sayo auduga da reza, wani lokaci har da kananzir na fitila. Duk wannan na jure. Abin da ya karya mini zuciya shi ne wata mata da aka kawo a amalanke daga wani ƙauye bayan Dandamisa. Ta daɗe tana naƙuda a gida, ko da suka iso ɗan ya riga ya mutu a ciki. Muka samo mota muka tura ta Zariya, ba ta kai ba. Ba ita ce ta farko ba, kuma na san ba ita ce ta ƙarshe ba. Da na koma gida na ce wa maigidana, "Malam, ni na gaji. Aikin nan ba ni da sauran amfani a cikinsa."

Hanya biyu ce a gabana. Ƙawata Binta da muka yi makaranta tare ta samu aiki a wani asibiti a Jidda, duk shekara sai ta aiko saƙo ta hannun alhazai cewa in taho, ana neman irinmu. Ɗaya hanyar kuma ta kawun maigidana ce, Alhaji Tanimu, babba ne a ofishin kula da ma'aikata a Ikara. Malam ya ce in fara zuwa wurinsa, tunda na gida ne.

Na same shi a ofis, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi lafiyar Malam da yara da mutanen gidanmu na Kudan ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa. Ina fara bayani ya ɗaga hannu.

"Na gane, 'yata, na gane. Ba sai kin wahalar da kanki ba. Akwai tebur a sashen lafiya nan hedikwata, haɗa rahoton wata-wata kawai. Ba kwana, ba jini. Kuma in an tashi rage ma'aikata, wanda ake gani kullum ba a fara taɓa shi."

Na ce, "Kawu, ni ban san ko aikin tebur zan iya ba."

Ya yi dariya ya ce, "Wa aka haifa da iyawa? Ki bar mini komai."

Mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ina cikin mota a hanyar komawa Makarfi sai na lura da abu guda: tun shigata har fitata bai yi mini tambaya ko ɗaya a kan abin da nake so ba. Binta ma haka take. Kowannensu hanyar da ya bi ta yi masa kyau, ita yake miƙo mini. Ni kuwa ba wanda zai zaɓa mini nake nema ba. Uwar ɗaki nake so a aiki, wadda ta san sana'ar ciki da waje, ta kuma san ni.

Da na gaya wa Malam cewa wurin Mama Rifkatu zan je, sai ya ajiye littattafan 'yan ajinsa da yake dubawa ya kalle ni. "Wannan da kike dawowa kina ƙorafi a kanta?"

Mama Rifkatu ita ce babbar sistarmu. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, tun tana budurwa aka turo ta ƙasar nan, Hausa a bakinta kamar haifaffiyar Ikara, har Fillanci takan taɓa idan matan ruga suka zo awo. Tsauri gare ta. Ta taɓa mayar da ni gida don farcena ya yi tsawo. Amma ban taɓa jin maganar da aka gaya mata a ɓoye ta fito ba, kuma ba ta yabon mutum don ta faranta masa. Waɗannan biyun suka sa na zaɓe ta.

Na je gidanta wata Asabar da la'asar. Na tarar tana yanka tumatir tana bazawa a tabarma, ta miƙo mini wuƙa, muka ci gaba tare. Na kwashe komai na gaya mata, da matar Dandamisa, da Jidda, da teburin Kawu. Ba ta katse ni ba har na gama.

Sannan ta ce, "Talatu, kafin mu je ko'ina, ki san wani abu. In kika tafi, ni ce zan sha wahala, don ba za a ba ni wata ba. Saboda haka duk maganar da ta fito daga bakina mai kama da 'ki zauna', kada ki yarda da ita. Ki ɗauka son kaina ne ke magana."

Na ce, "Haba Mama."

"Ba haba. Mutum ce ni. Shi ya sa ba zan ce miki yi kaza ba. Tambaya zan riƙa yi, ke ki nemo amsa. In kin yarda, ki riƙa zuwa duk Asabar. In ba ki yarda ba, mu gama tumatirin nan ki tafi, kuma ba wanda zai ji."

Na yarda. Tambayarta ta farko ita ce: aikin nake gudu, ko wahalar da ke cikinsa? Na buɗe baki zan amsa, ta ce a'a, in tafi da ita gida. Mako na gaba ta tambaye ni me nake so 'ya'yana su tuna game da ni idan sun girma. Wani makon kuma ta ce, "Shi Malam kin tambaye shi abin da yake so, ko gaya masa kawai kike yi?" Ban tambaye shi ba. Da na tambaye shi, sai ya ce tun da aka fara zancen Jidda bai samu natsuwa ba, ya yi shiru ne don kada a ce ya tare mini arziki.

Ba ta kuma bar ni da jin ta bakinta kaɗai ba. Ita ta tura ni Zariya wurin wata nas da ta yi aiki a Saudiyya ta dawo, ta ce in tambaye ta daɗin da wuyar. Matar ta gaya mini gaskiya: kayan aiki a wadace, albashi a kan lokaci, amma ta dawo ta tarar autanta yana ɓuya a bayan kakarsa in ya gan ta. Da na kawo wa Mama wannan labarin, na ɗauka za ta ji daɗi. Sai ta ce, "Kada ki riƙe rabin da ya tsorata ki ki yar da ɗayan. Ta kuma gaya miki ta gina gida, ko ba haka ba?"

Tambayar da ta warware mini komai ta zo ne daga baya. Ta ce, "A duk zamanki a nan, wace rana ce kika koma gida zuciyarki wasai?"

Na daɗe ina tunani. Abin da ya faɗo mini ba haihuwar da na karɓa ba ce. Akwai lokacin da aka tura ni Gazara in zauna da ungozomomin gargajiya, in nuna musu alamun da in sun gani kada su jira. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Kande, wadda ta yi ta yi mini gardama, wai tun kafin a haifi uwata take yanke cibi. Bayan wasu watanni sai ga ta da kanta ta rako wata mai ciki, ƙafafu a kumbure, kai na sara mata. Ta ce, "Malama, ga irin wadda kika ce." Muka tura mai cikin babban asibiti da wuri, ta haihu lafiya. Ranar har waƙa na yi ina girki.

Mama ta saurara, ta ce, "Ke kika faɗa, ba ni ba. Me kika ji a cikin maganarki?"

Na ce, "Kamar koyarwa nake so."

"To. Ke a ɗakin haihuwa hannu biyu gare ki. In kika koyar, kowace ɗaliba ta tafi da nata biyun."

A nan ta gaya mini akwai kwas a Kaduna na horar da malaman ungozomomi. Ta kuma jera mini abin da zan rasa: ba kuɗin Jidda, ba inuwar Kawu, yara kuma sai dai in kai su Kudan wurin mahaifiyata har in gama. Sannan ga ƙa'ida. Ma'aikaci ba ya samun hutun karatu da albashinsa sai shugabansa ya sa hannu cewa aiki zai tafi ba tare da an kawo wani ba, kantoma kuma ya amince. Ma'ana, hanyar da na zaɓa sai ta bi ta kan Mama.

Na ce, "Mama, in bari sai an ɗage hana ɗaukar ma'aikata."

Ta ce, "Kin ga abin da na gaya miki ran farko? Yanzu zuciyata cewa take in amsa miki da to. Kawo takardar gobe."

Ranar da aka kira mu Ikara tare muka je. Kantoman mutum ne mai gajeriyar magana. Ya duba fayil, ya ɗago ya ce, "Sista, kin san ba zan ba ki kowa ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To wa zai riƙe ɗakin haihuwa?"

"Ni da Saratu."

"Ke da ya kamata ki fara shirin ritaya?"

"Ban manta yadda ake yi ba, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki biro, ya sa hannu. Kawu Tanimu ya yi fushi da ni na ɗan lokaci, ya ce na watsa masa ƙasa a ido. Amma shi ne ya bi fayil ɗin daga tebur zuwa tebur har ya fita, bai kuma taɓa yi mini gori ba.

Da aka ba mu hutun farko na zo Makarfi, na wuce asibiti kafin in isa gida. Na tarar da Mama a ɗakin haihuwa zaune a kan kujerar tsugunno, don gwiwoyinta sun daina ɗaukar doguwar tsayuwa. Ta rame. Saratu ta ja ni gefe ta ce tun tafiyata Mama ba ta samu zuwa coci sau biyu a jere ba. Na ajiye jakata na fara naɗe hannun riga, na ce zan riƙe musu har hutu ya ƙare.

Mama ta ce, "Yau kaɗai. Gobe ki tafi Kudan wurin 'ya'yanki. Su ma suna cikin abin da muka tattauna."

Na gama kwas, aka tura ni koyarwa, a nan na yi sauran aikina har na yi ritaya. Binta ta dawo da abin hannunta, gidanta ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma ba zan ce ban taɓa kallonsa na yi tunani ba. Amma yau da wuya in shiga asibitin haihuwa tsakanin Ikara da Kudan ban ji wata ta ce "Malama, sannu da zuwa" ba.

Abin da na koya ke nan game da aikinmu da mutanensa. Masu ba da shawara suna da yawa, kuma akasarinsu da alheri suke nufi. Amma in za ku zaɓi wanda zai riƙe muku hannu, ku duba ko yana tambaya kafin ya yi magana, ko yana tura ku ku ji ta bakin wasu, ko kuma zai iya taimaka muku zuwa inda shi zai yi asara. Ba lallai ya zama danginku ba, ba lallai addininku ɗaya ba, ba ma lallai ya zama mai sakin fuska ba.

Lokacin da Mama ta yi ritaya ta koma garinsu, na je gaishe ta. Na tambaye ta ko ta taɓa yin nadamar sa hannun nan. Ta ce, "Kullum, har ranar da aka kawo mini wata a madadinki." Ta yi dariya, sannan ta ce in ba ta labarin ɗalibaina, ɗaya bayan ɗaya, kada in tsallake kowa.