Ƙuri'a a Kan Ƙwaurin Mahauci

Ina jiƙa filasta a bokiti wata nas ta leƙo ta ce, "Malam Isa, Dokta Manga ya rasu da safen nan." Na ƙarasa naɗe ƙafar da ke gabana, don filasta ba ta jira. Sannan na fita na zauna a benci. Ranar ba ta fita raina ba.

Ku da kuka zo asibitin nan daga baya ba ku san shi ba. Likitan ƙashi ne, ni kuma mai sa filasta. Ba ya jin Hausa, ni kuwa ɗan Briqueterie ne, unguwar Hausawa, don haka ni ke masa tafinta idan mutanenmu suka zo.

A shekarun da aka yanke albashi, ƙarfen da ake sa wa ƙashi ya yi wuyar samu. Dokta ya so ya gane ko a wata irin karayar ƙwauri filasta kaɗai tana warkarwa kamar ƙarfe. Kafin a fara binciken, wani masanin lissafi ya faɗa masa yawan majinyatan da sai an tara. Na ce ai sun yi yawa. Ya ce, "Isa, idan bambancin ƙarami ne, mutane kaɗan ba za su nuna shi ba. Sai mu ce babu alhali yana nan, wani ya gurgunce a kan maganarmu."

Ƙa'idar binciken ita ce ba likita ke zaɓa ba. Wanda ya yarda ya shiga, ƙuri'a ce za ta ba shi filasta ko ƙarfe.

Wata rana aka kawo Alhaji Garba, mahauci maƙwabcinmu, wani sa ya take shi ya karya masa ƙwauri. Na yi masa bayanin binciken. Ya ce, "Isa ɗana, tambaye shi, wanne ya fi?"

Dokta ya ce, "Gaya masa ban sani ba. Shi ya sa muke binciken."

Na ce masa da Faransanci, "Dokta, bari in sassauta. A wurinmu mai ɗori ba ya cewa bai sani ba."

"Faɗa masa yadda na faɗa."

Na faɗa. Alhaji ya yi dariya duk da zafin ciwo. "Ko sa ba na saye da ƙuri'a, balle ƙafata. Ku nemo min taksi."

Aka kai shi wurin mai ɗori a unguwar Ekoudou. Kafin Juma'a magana ta zaga mahauta da teloli, wai akwai likitan da ke caca da ƙafafun mutane. Daga nan mutanenmu suna zuwa a duba su, amma da an ambaci bincike sai su ce za su yi shawara da gida.

Waɗanda muka tara ba su kai rabi ba, kuma a cikinsu ba a ga bambanci ba. Wani babba a sashen ya ce a rubuta cewa filasta ta wadatar. Dokta ya ce, "Ba mu tabbatar babu bambanci ba. Mutanen ne ba su isa su nuna mana ba." Ya ƙi sa hannu. Ya ci gaba da tarawa ɗaya-ɗaya har ciwo ya kwantar da shi.

Alhaji Garba ya miƙe, yana ɗan ɗingishi. Ban ce laifin ɗori ne ba, mutum ɗaya ba ya zama hujja. Ban kuma ga laifin Alhaji ba. Mai ciwo tabbaci yake so, bincike kuwa sai an yarda ba a sani ba ake fara shi.

Har yau idan aka kawo irin karayar nan, kowane likita abin da ya saba yake yi. Adadin bai cika ba, kuma ba wanda ya ci gaba da tarawa.