Farin Ɓeran da Kaka Ta Ceta

Shekarar da Kaka, mahaifiyar Baba da yake kira Inna, ta zo mana wankan jegon Umma a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina da shekara tara. Gidanmu na hawa na shida a unguwar Liwan, babu murhu balle tsakar gida, don haka bayan sallar magariba sai mu kewaye hita. Kaka ta miƙe ƙafa, idanunta masu haske kamar na mage suna ƙyalli, tana mitar wutar da ba ta gasa ko gyaɗa.

Ina da ɓeraye biyu na ado, baƙaƙe wuluk. Da ƙyar Baba ya yarda na saya, da sharaɗin ba zan ƙaro ko ɗaya ba. Sai macen ta haihu. Da gashi ya fito wa 'ya'yan, biyar baƙaƙe, ɗaya fari tas mai jan ido. Baba ya ce baƙi da baƙi ba sa haifar fari, wajen 'yar maƙwabtanmu na karɓo na cusa. Na rantse, bai yarda ba. Ya ce ranar Asabar za a mayar da su duka kasuwa. Rabuwa da su ta dame ni, amma zama maƙaryaciya a idon Baba ya fi ci mini rai.

A yammacin nan Kaka ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga kan kujerarsa.

"Ga wata nan tafe, ku buɗe kunne."

Wai wasu baƙaƙen ɓeraye ne a rumbu suka haifi farin ɗa, dangi suka taru za su kore shi. Sai wata tsohuwar ɓera ta rarrafo daga ƙasan dawa ta ce a dakata, kakarsu ma fara ce, ita ta san ta.

"Kala ba ta ɓacewa, Habibu," in ji Kaka, ta daina ɓoye da wanda take. "Kwanciya take yi a jini. Ni da na yi kiwon awaki shekara talatin za ka gaya wa?"

Ranar Asabar Baba ya ɗauki kejin, Kaka ta yafa mayafi ta biyo mu. Ta sa shi ya tambayi laoban, mai shagon, ina uwar ɓerayen nan biyu. Mutumin ya jawo wani keji daga ƙarƙashin tebur. Tsohuwar ɓera ce, fara, mai jan ido. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini kejina ya ce, "Yi haƙuri, Ummi." Sai a lokacin na saki kukan da na kwana uku ina riƙewa.

Daga baya a makaranta aka koya mana cewa sai ɗa ya gaji farin daga uwa da uba duka kafin ya bayyana. Ban sha wahalar darasin ba.

Kaka ta rasu kafin na yi aure. Ni da mijina duk baƙin ido gare mu. Ranar da 'yata ta fara buɗe ido sosai, Baba ya karɓe ta ya matsa kusa da taga. Ya ga idanunta masu haske kamar na mage, sai ya ce, "Sannu da zuwa, Inna."